Bandejin da Ya Tona Asirin Baba

Yayata mai bincike ce a jami'a, amma in ka ga hannunta sai ka rantse rini take yi. Jan kabeji take dafawa, ta tace ruwan nan mai launin shunayya, ta jiƙa bandeji a ciki. Wai in ciwo ya fara ruɓewa, bandejin zai rikiɗe ya koma kore tun kafin ido ya gane. A kwanon gwaji abin yana yi, amma ba a ba ta izinin gwadawa a jikin mutum ba tukuna.

Da injin busarwa na wurin aikinsu ya lalace, sai ta dawo shanya bandejin a gida, igiyar shanyarmu ta shiga uku. Ko safa ban isa in rataya ba.

Baba kuwa yana da ciwon suga, ga wani miki a yatsan ƙafa da ya hana kowa gani. Ka ce asibiti, ya ce ai ya kusa warkewa, ya ƙara wa rediyo murya. Mun yi magiya har mun gaji, kuma tsoro muke ji sosai.

Ran nan bandejinsa ya ƙare. Baba ba mutum ne da zai je kanti alhali ga abu na lilo a tsakar gida ba. Ya zare guda ya ɗaure abinsa, bai gaya wa kowa ba.

Washegari muna karyawa ya miƙo ƙafa yana ƙorafi, wai kayan Yaya ba su da aminci, daga kwana sun zama kore kamar gansakuka. Ni sarkin wauta na kwashe da dariya. Yaya ta ajiye kofinta a hankali. Daga baya ta gaya min shekaru tana roƙon Allah ya nuna mata koren nan, amma a ranar nan, roƙo ta yi Allah ya sa kuskure ne.

"Baba, tashi mu tafi," ta ce.

Ya buɗe baki zai yi musu, ya ga har ta miƙe tsaye, sai ya nemi sandarsa.

Likita ya wanke mikin, ya yi mana faɗa son ransa, sannan ya ce an zo a kan gaɓa, ba abin da za a cire. Sai da ɗakin ya rage mu uku Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ai na san ya ɓaci. Tsoron yanka nake yi."

Yaya ta gyara masa matashi, ta ce to ga yatsun nan cif, in bai yarda ba ya duba. Baba ya ɗaga bargo ya ƙirga yatsunsa, ya kuma sake ƙirgawa.