Katin Rigakafin Auta

Shekara biyar da auren Auta, matarsa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Uwarsa kuwa tuni ta gama yanke hukunci: allurar rigakafin da aka yi musu a wurin aiki ce ta kashe wa ɗanta ƙwayar haihuwa. Babu wanda bai ji wannan magana a bakinta ba, har mai gyaran famfo.

Ranar da ya dawo daga asibiti, ɗakin uwar ya zarce, ya zauna a bakin gado yana murza takardar gwaji. Ya ce likita ya wanke allurar tas. Wai hangum ɗin da ya kwantar da shi yana ɗan shekara sha bakwai, wanda kumburin ya sauka har ƙasa, shi ake zargi. Likita ya tambaya ko an yi masa rigakafinsa yana ƙarami, shi kuma ya bugi ƙirji ya ce uwarsa ba ta wasa da lafiyarsa. An ce ya kawo katin.

Uwar ta durƙusa.

Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta hau birkita zannuwa tana mitar ɓeraye da mantuwar tsufa. Tsufa dai! Ta san inda katin yake sarai, yana cikin aljihun murfi. Abin da take gani a ranta shi ne wata safiya tun Auta yana ƙarami, ma'aikatan lafiya suna sallama a ƙofa, ita kuma tana tsugune a bayan durom ɗin ruwa ta toshe bakin yaron da tafinta. Ɗa namiji ɗaya tilo, wa zai bari a taɓa masa zuriya?

Matar Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Shekara biyar tana shan jiƙe-jiƙe da baƙar magana.

“Mama, bari in taya ki nema,” in ji Auta, ya miƙa hannu.

Ta riƙe murfin gam. Ya dube ta, ta sake shi. Ya zaro katin daga aljihun murfin. Katin ya yi ja don daɗewa, amma ban da sunansa da ranar haihuwa babu ko ɗigon biro. Ya juya bayan katin, nan ma fari fat.

“Don ka haihu na yi,” in ji uwar.

Matarsa ce ta fara fita.