Akwatin da Ke Jin Numfashin Baba

Auta na tsaye a kan kujera tana ɗaura ɗan akwatin a bangon falo, Baba kuma yana ƙasa yana ba ta shawarar da ba ta nema ba. Shekara talatin ya yi yana hawa turaku yana jan wayar tarho, don haka duk abin da ba shi da waya wasan yara ne a wurinsa.

Tun da ya faɗi a banɗaki watan jiya, 'ya'yansa suka ce ya tattara ya koma gidan babban yayansu. Ya ce sai dai gawarsa. Auta, injiniyar gidan, ita ta roƙi a ba ta dama. Sabon waifai ɗin da kamfaninsu ke gwadawa ba intanet kaɗai yake rabawa ba, har motsin mutum yana ji ta bayan bango.

"Ba kyamara?" in ji Baba.

"Babu. Ƙirjinka na ɗagawa sai siginar ta ɗan karkace, shi kuma ya gane."

Ta miƙa masa wayarta. Wani siririn layi na hawa yana sauka. Baba ya ja numfashi, layin ya tashi. Ya zuba wa layin ido har shayinsa ya huce.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Mu fa sai mun haƙa rami kafin murya ta tsallaka titi."

Da ta yi masa sallama ta fita, ba ta kai tashar mota ba wayarta ta ɗau ƙara. Layin ya miƙe sambal. Ta juyo a guje, takalmi ɗaya a hannu.

A kujerarsa ta same shi, lafiya lau, yana duba agogo.

"Minti huɗu kika yi kafin ki iso. Ba laifi."

"Baba! Numfashi ka riƙe?"

"To me? A aikinmu ba a karɓar layi sai an katse shi an ji ko ƙararrawa za ta buga."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hawaye. Ya karɓi wayar. Yanzu layi biyu ne, ɗaya a natse, ɗaya sai tsalle yake.

"Wannan na biyun fa?"

"Nawa ne."

Ya daɗe yana kallonsa.

"Zauna, Auta. Ki faɗa wa yayanki na karɓi aikin, ba inda za ni."

Ta zauna kusa da ƙafarsa. Bai ajiye wayar ba sai da layinta ya lafa, ya yi daidai da nasa.