Daƙiƙa Biyu

Kafin yatsan Mai Hoto ya kai kan maɓallin, lokacin ya ƙare. Kwamfutar ta yi ɗan kukanta ta shige ɓangaren ɗansa, kamar jiya da shekaranjiya.

"Baba, an sake tsere maka?" in ji surukarsa daga bakin kicin, tana danne dariya.

Ya harari allon. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta zame masa aiki.

Shi ya sayi ƙaton faifan ajiyar kwamfutar nan, ya sa aka raba shi gida biyu, kowane ɓangare da manhajarsa. In an kunna, layi biyu ke fitowa a allo: na sama na ɗansa Injiniya, na ƙasa nasa. Da can kwamfutar tana jiran mutum rabin minti ya zaɓa. Da ya dawo daga asibiti sai ya tarar an mai da jiran daƙiƙa biyu, wai Injiniya mutum ne mai sauri.

A layin ƙasa kuwa aikinsa na ɗaukar hoto na shekara talatin ke kwance, har da hotunan marigayiya matarsa. Na takarda ruwan yoyo ya cinye su tuntuni. Abin da ke firgita tsohon shi ne fuskarta ta fara ɓace masa. Yana tuna wushiryarta, amma idanun sun ƙi zuwa.

Sau nawa ya ja hannun rigar ɗansa yana nuna allon. Kullum amsar ɗaya ce: "Zan duba, Baba."

Wahalar ita ce maɓallin kunnawa yana jikin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, hannu kuma ɗaya ya rage masa. Kafin ya danna ya ɗago, an gama. Ranar nan sai dabara ta faɗo masa. Ya ture silifas, ya ɗora yatsan hannu a kan maɓallin kibiyar ƙasa tukuna, sannan ya lalubi akwatin da babban yatsan ƙafa.

Layukan suka fito. Ya danna. Hasken ya sauko layinsa!

Daɗi ya kama shi har miyau ya zubo masa a haɓa. Allon ya yi baƙi, ya daɗe a haka, sannan wani siririn rubutu ya ce ba a sami manhajar da za a tayar ba. Ya sake gwadawa sau huɗu.

A haka Injiniya ya same shi da ya dawo cin abincin rana.

"A'a! Ka kama shi? Lallai Baba da sauranka." Ya leƙa allon, ya sosa ƙeya. "Ai wajen nan babu komai. Tun kana asibiti na goge shi, fina-finaina ba su da wurin zama. Wa ya zaci za ka tashi?"

Da ƙyar tsohon ya haɗa kalmomin. "To... layin... fa?"

"Na ga yana ɗebe maka kewa ne."

Ya wuce wanke hannu. Surukar ta ajiye kwano a gaban Mai Hoto, ta gyara masa cokali ta hagu, ta bi mijinta. Ko muryarta ba ta rage ba.

"Kai ma da ba ka faɗa masa ba. Yanzu da me zai riƙa wuni?"