Wa Zai Yanka Saniyar Kande

Damina biyu ke nan sama ta hana garin Kamarawa ruwa. Rumbuna sun zama wayam, ko ɓera ya daina leƙa su. Saniya ɗaya ta rage wa tsohuwa Kande, ita ma ran Laraba da hantsi ta durƙushe a bayan gida, ta ƙi tashi.

Kande ta san in an yanka ta kafin rai ya fita, a shanya naman, jikokinta za su ga wata mai zuwa. To amma wa zai yanka? Tun da masallacin gari ya rabu biyu, 'ya'yanta Maliki da Lawwali kowa ya bi nasa limamin, ba mai cin yankan ɗan'uwansa. Suna gaisawa fa, suna aron galma, jaki ɗaya suke korawa kasuwar Isa. Nama ne kawai ba a haɗawa. Kai, abin da ban haushi!

Ta aika aka kira su. Kowa ya zo da wuƙarsa.

"Inna, in shi ya yanka, ɗiyana ba su ci," in ji Maliki.

"Nawa ma haka," in ji Lawwali.

Malam Labbo, tsohon da ya koya musu karatu su biyun, ya jiyo hayaniya ya shigo yana dogara sanda.

"Ku saurara," ya ce. "Yahudu da Nasaran farko ɗaki guda sunka yi ibada, littafi guda sunka karanta. Cikin abin da ya fara shiga tsakaninsu har da akushi: wa za a ci da shi, wa ba a ci. Shekaru aru-aru suna ciniki, suna gardama, wasu na leƙa wurin ibadar wasu, amma ba su sake zama gida guda ba. Ni dai tsoro nika ji."

"To Malam, kai ka yanka muna," in ji Kande.

"Malam bayan limamin su Lawwali shika salla," in ji Maliki.

Kande ta zube ƙasa ta rungume kan saniyar, tsoro ya cika ta. "Don nonon da kunka sha, ɗayanku shi haƙura!"

Lawwali ya dubi wuƙarsa, ya dubi wansa, ya buɗe baki zai yi magana. Saniyar ta miƙe ƙafafu, ta ja numfashi ɗaya, shi ke nan.

Kande ta ɗago kai ta dube su. Sannan ta ce, "Ku ja mushen ku kai daji. Yanzu kam kun daidaita, ba mai ci."