Amfilifayar Kyaftin

A asibitin da take aiki kowa Injiniya yake ce mata, domin ita ke gyaran injin ɗaukar hoton ƙashi da sauran na'urorin da likitoci ke tsoron taɓawa. Sunan ya bi ta har cikin ƙungiyar masu rediyon sha'awa, mutanen nan da ke karɓar lasisi su kafa eriya a kan rufin gida, su zauna suna hira da baƙin wasu ƙasashe ta iska. Ita kaɗai ce mace a cikinsu. Rediyonta ƙarami ne, muryarta ba ta nisa, shi ya sa ta daɗe da burin mallakar amfilifaya irin ta da, mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja in sun ɗau zafi, wadda ke ɗaukar siririyar murya ta harba ta ƙetaren teku.

Ba don ƙetaren teku kaɗai take son ta ba. Tun shekarar da ta fara magana a iska akwai wani mutum da ya sa ta gaba. Ba ya faɗin lambar kiransa, ba wanda ya san daga ina yake. Da zarar ta buɗe baki a hirar da 'yan ƙungiya ke yi da safiyar ranar hutu, sai ya danne ta da sigina mai ƙarfi, ya yi gyatsa a makirufo, ya yi tsotson leɓe, wani lokaci ya maƙe murya ya faɗi abubuwa game da jikinta waɗanda ko mijinta ba ta iya maimaita wa ba. Duk sanda zai shigo, kafin muryarsa ta fito, sai an ji wata ƙara kamar kukan kwaɗo a bakin rafi. Da haka aka raɗa masa suna Kwaɗo.

Ta sha kai ƙara wurin shugaban ƙungiya, tsohon matuƙin jirgin ruwa da ake kira Kyaftin. Dattijo ne mai farin gemu da taushin magana, 'yata yake ce mata. Kullum sai ya girgiza kai ya ce in ya kama ɗan banzan nan da hannunsa zai tsinke masa eriya. Akwai ranar da ya shiga motarta da kansa, ya riƙe ƙaramar eriyar neman sigina ta taga, suka yi ta zaga unguwanni har rana ta yi tsaka. A ranar nan, Kwaɗo bai ko yi tari ba. Daga baya ma sai ya ɓace gaba ɗaya, aka ce ya gaji ne.

Kyaftin ya yi doguwar jinya ya rasu. Bayan an kwana biyu matarsa ta aika a kira Injiniya, ta ce ta zo ta ɗauki babban akwatin ƙarfen da ke ɗakin rediyonsa, kyauta, tunda ta ji an ce ta iya irin waɗannan abubuwa. Injiniya ta tafi da mijinta, malamin makaranta ne, mai yawan barkwanci.

Ɗakin yana can bayan gida. Da tsohuwar ta tura ƙofa, sai ta ja da baya ta tsaya a waje ta toshe hanci da gefen mayafinta. Warin tsohuwar taba ne ya fara tarbar su, sai wani wari a ƙarƙashinsa, na abin da ya daɗe da ruɓewa. Bangon da aka yi wa farin fenti ya koma ruwan ƙasa. Guntayen taba sun cika gwangwanaye a kan tebur, ga wani gwangwani a ƙarƙashin kujera wanda marigayin ke tofa kaki a ciki, ya bushe ya yi ɓawo. Ragar makirufo ta toshe da busasshen yawu. Tsohuwar ta ce tunda suka tare a gidan bai taɓa barin ta share ɗakin ba, ita ma ba ta taɓa roƙo ba.

"Ɗauki, 'yata," ta ce. "Ki fitar min da ita daga gida, shi ke nan kin biya ni."

Amfilifayar tana kan wani benci, girmanta ya kai ƙaramin firiji. Da suka kama ta su biyu, hannuwansu suka manne a jikinta kamar an shafa mata ƙaro. Malam yana nishi ya ce wannan ai anga ce, ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, Kyaftin ya sato ya kawo gida. Kafin su kai mota gaban farar rigarsa ya yi jirwaye, kuma rigar ba ta sake fita ba.

A barandar bayan gida ta buɗe ta, don Malam ya rantse ba za a shigar masa da ita ɗaki a haka ba. Ko da yake ta daɗe a kashe, sai da Injiniya ta taɓa manyan kafasitocin da sandar sauke wuta, domin ta san irin wutar da ke kwana a cikinsu ba ta yi wa mutum gargaɗi. Tana ɗaga murfi kyankyasai suka watse, manya da ƙanana, wasu suka bi ta kan hannunta. Ta yi tsalle ta karkaɗe su. Ciki kuwa duk hayaƙin da mutumin ya busa tsawon shekaru fanka ta zuƙe shi ta shafe komai da shi. Fukafukan fankar sun yi kauri da wani baƙin maiƙo mai gashi-gashi. Bawul biyun, waɗanda ya kamata a ga cikinsu tas, sun zama kamar kwalaben tsohon man juye. A gindin taransifoma ɓera ya yi sheƙa da yagaggun takardu, ga kashinsa ko'ina, ga kuma wata tsaka da wuta ta kama tun tuni, ta bushe a miƙe tsakanin wayoyi biyu, baki buɗe.

Sai da ta je bayan gida ta yi kakarin amai, ta dawo ta sa safar hannu da takunkumi. Hutun mako da yawa ta ƙarar a kanta, da sifirit da auduga da tsohon buroshin haƙori. Ruwan da ke fita a roba kamar an jiƙa taba a ciki. Duk da haka ba ta ga laifin marigayin sosai ba. Takan ce wa Malam tsufa ne da kaɗaici, kuma mutumin da ya tsaya mata lokacin da ake wulaƙanta ta ya fi ƙarfin ta ƙyamaci dattinsa. Malam ya ce shi dai ba a taɓa tsaya masa ba, saboda haka yana da 'yancin toshe hanci.

A hankali ƙarfe ya fito, tagulla ta fara ƙyalli. Ta canja wayoyin da ɓera ya ci, ta shiga da ita ɗakin rediyonta, ta kunna. Fanka ta ɗauka da gurnani, bawul suka yi ja a hankali kamar garwashi. Ta jira suka yi zafi, ta murɗa maɓallan saiti biyu tana kallon allurar mita har ta sauka inda ake so. Komai daidai. Daɗi ya kama ta har ta kira Malam ya zo ya gani.

Da safiyar ranar hutu 'yan ƙungiya suka hallara a iska kamar kullum, Sakataren ƙungiya yana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta ta danna makirufo, ta faɗi lambarta, ta gaishe su, ta ce yau da amfilifayar marigayi take magana, su gaya mata yadda suke jin ta. Ta saki maɓalli.

Can sai wani ya shigo yana dariya ƙasa-ƙasa, wani mai shagon kayan gini da ake kira Siminti.

"To fa. Kwaɗo ya dawo daga lahira."

Wani ya ce ashe ita ya bar wa gadon. Sakatare ya yi gyaran murya ya ce siginarta na da ƙarfi ƙwarai, ya yi maza ya kira lamba ta gaba.

Injiniya ta zauna riƙe da makirufo. Ta jawo wani ƙaramin rediyo da take sauraro da shi, ta rage masa murya, ta koma wani layin da ba kowa, ta danna maɓalli. Kafin komai ya fito sai ga kukan nan, ƙwarrr, wanda ta sani fiye da ƙarar ƙofar ɗakinta. Ta saki, ta sake dannawa. Ya sake yi.

Ta kashe komai, ta sauke wutar, ta kifa amfilifayar. A ƙarƙashi akwai wani ɗan makunni mai murfin roba da ke juya sigina zuwa eriya, shi kaɗai ne ba ta buɗe ba. Maiƙon taba ya shiga cikinsa, harshensa na karkarwa kafin ya kama. Kukan kwaɗon ke nan. Ta tsaya tana kallon abin, tana tuna hannun da ya riƙe eriya ta tagar motarta, da bakin da ke ce mata 'yata, da makirufon nan mai busasshen yawu da abin da aka riƙa faɗa a cikinsa. Wannan karon aman da gaske ya zo.

Malam bai yi barkwanci ba da ta gaya masa. Ya ce ta bari ya kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe ta kafin la'asar. Ta ce a'a, ba ƙarfen ne ya yi gyatsa ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne dariyar Siminti. Dariyar wanda ya daɗe da sani ce, ba ta mamaki ba. Da yamma ta je ta sami Sakatare a shagonsa na gyaran agogo. Ya ba ta kujera, ya ƙi haɗa ido da ita, yana ta juya wani agogo a hannu. Ya ce ai kusan duk tsofaffin 'yan ƙungiya sun sani, tun da can sun san kukan amfilifayarsa. Ya ce mutumin ya hidimta wa ƙungiya, shi ya samo musu ɗakin taro, kuma wasa ne irin na mutanen jirgi, ba da mugun nufi ba. Sun ga in suka faɗa za a ɓata zumunci. Ta tambaye shi ko yana sauraro ranakun da ake faɗin waɗancan maganganu. Ya ce yana ji, shi ma ba ya jin daɗi, yakan rage murya ne har a gama.

"Yanzu dai ƙasa ta rufe masa ido, ƙanwata. A bar kaza cikin gashinta."

"Ba ƙanwarka ba ce ni," ta ce, ta tashi.

A taron wata aka kawo shawarar a sa wa gasar shekara ta ƙungiya sunan Kyaftin. Injiniya ta miƙe ta ce ba ta hana su ba, amma tunda ba wanda ya taɓa maimaita abin da Kwaɗo ke faɗa, bari ta maimaita musu kaɗan don su san sunan wa suke ɗaukakawa. Ta faɗi jimla biyu kamar yadda ya faɗe su, kalma da kalma, ba ta sauke murya ba. Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya ce subhanallahi, wannan magana ba ta dace da bakin mace ba. Ta dube shi har ya kau da fuska, ta ɗauki jakarta ta fita. Ta ji labari daga baya cewa an sa wa gasar sunan, hannu biyu ne kawai ba su ɗagu ba.

Ta sayi sabon makunni ta sa, kukan ya ɓace. Amfilifayar ta yi aiki lafiya lau, abin da ya ƙara ba ta haushi a farkon kwanakin. Ta daina shiga hirar ƙungiya. Kafin ta tafi aiki takan kunna, ta jira bawul su yi ja, ta juya eriya wajen teku. Ta saba da wata ma'aikaciyar jinya a wani tsibiri mai nisa, suna hirar injinan asibiti da ciwon baya da yaran da ba sa jin magana.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye hanyar wasu ƙauyuka, layukan waya suka mutu. Wani ɗan ƙungiya da ke can yana ta kira da ƙaramin rediyo, yana so a gaya wa hukumar agaji cewa akwai marasa lafiya da ke buƙatar kwalekwale. 'Yan ƙungiya suna jin sa da ƙyar, shi kuma ba ya jin amsarsu ko kaɗan. Injiniya tana sauraro a gefe sai ta ji Sakatare yana kiran lambarta, murya a sanyaye, yana roƙon ko za ta isar, tunda duk garin siginarta ce kaɗai za ta kai.

Ta saita amfilifaya ta shigo. Ta karɓi saƙon mutumin, ta maimaita wa Sakatare, ta mayar da amsar hukuma, ta yi ta kai da kawowa har aka tabbatar kwalekwale ya tashi. Da aka gama Sakatare ya fara wata doguwar godiya, yana cewa ƙungiya gidanta ce, ƙofa a buɗe take, abin da ya wuce ya wuce. Ta bar shi ya kai aya, ta faɗi lambarta, ta ce ta rufe tasha. Ta bar fanka na juyawa don bawul su huce, ta leƙa falo ta tambayi Malam ko ya ga lemarta, don ta riga ta makara wurin aiki.