Uku da Takwas

Aku ya miƙa wa mutumin katinsa da hannu biyu, ya shiga bayanin da ya haddace a gaban madubi: ya karanta lissafi a jami'a, shekara biyu ke nan yana koyon yadda ake horar da kwamfuta ta gane abu da kanta, kuma yana da aikin da zai nuna. Mutumin ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya zaro nasa katin ya ce shi ma aikin ya zo nema. Suka yi dariya, kowa ya sa katin ɗan'uwansa a aljihu.

Na shida ke nan tun safe. Zauren otal ɗin ya cika da masu neman aikin injiniyan koyar da na'ura, kowa da ɗan kwali rataye a wuya. Na masu nema fari ne, na ma'aikatan kamfanoni shuɗi. Masu shuɗin ba su kai goma ba, kuma kowannensu an yi masa zobe kamar tururuwa sun samu sukari.

Tun a firamare aka laƙaba masa Aku saboda surutu, kuma bakin ne ya ciyar da shi shekara biyar a shagon wayar kawunsa. Sai dai ɗan kawun zai gama karatu wata mai zuwa, shagon kuwa ba ya ɗaukar mutum biyu. Aku ya tura takardun neman aiki ta intanet har ya daina ƙirgawa. Uku ne suka amsa, dukkansu da godiya da fatan alheri. Wani abokinsa ya ce masa irin wannan aiki ba a shigarsa ta ƙofar gaba, sai wani na ciki ya kai sunanka. Shi ya sa ya buga kati, ya goge riga, ya roƙi hutun yini ɗaya. Kawun ya ce ya je ya gai da manya, in sun ba shi kujera mai juyawa kada ya manta da talakawa.

Aikin da yake taƙama da shi manhaja ce da ke karanta lambobin mitar wuta daga hoton waya. Shi da ƙanwarsa Auta suka yi ta. Shi ya bi gida-gida da shago-shago ya ɗauko hoton mita dubu huɗu, ya kuma haɗa abin da ake latsawa a wayar. Auta, wadda ke koyar da lissafi a sakandare, ita ta horar da na'urar. Da farko idan gilashin mita ya karce ko rana ta haske shi, sai ta ɗauki uku a matsayin takwas. Mako uku Auta ta yi tana fama, da jaririnta a cinya, kafin abin ya daidaita. Da zai buga kati ya tambaye ta ko a sa sunanta, ta ce shi ke neman aiki, ita tana da ajinta da goyonta.

Lokacin shan shayi ya hango wata mace mai gilashi a tsugune gefen bango, tana ta murɗa wayar caji a gindin wayarta. Kwalinta ya juya baya, amma ya gane ta. Ita ce Injiniyar da ta yi jawabi da safe, shugabar sashe a wani kamfanin da ke yi wa masana'antu irin wannan aiki. Ya gaishe ta, ya ce ko za ta ba shi ya duba. Ya cire allurar da ke maƙale a kwalar rigarsa, ya zaƙulo wani dunƙulen ƙura daga ramin cajin, ya mayar da wayar cajin. Nan take ta kama.

Ta yi godiya, ta dubi farin kwalinsa ta ce tunda ya biya kuɗin shiga, ya nuna mata abin da ya kawo.

Bai kai rabin haddarsa ba ta tare shi, ta ce ita ba ta yarda da hoton da mai kaya ya zaɓa da hannunsa. Ta tsayar da wani ma'aikacin otal ta tambaye shi inda mitarsu take. Suka bi shi ta kicin, suka fita baya kusa da ɗakin janareto, inda zafi da ƙara suka yi musu maraba. Aku ya ɗauki hoto, lambobin suka fito daidai. Injiniyar ta tsoma yatsa a shayinta ta shafa a gilashin mitar, ta ce ya sake. Suka sake fitowa daidai, har da uku guda biyu a jere.

Ta ɗan jima tana kallon wayar. Sannan ta ce suna da gurbi ɗaya a sashenta, kuma tana da damar kai sunan mutum ɗaya kai tsaye wurin intabiyu ranar Alhamis, ba tare da ya bi layi ba. Ta ce irin wannan na'ura ta saba rikita uku da takwas, ta tambaye shi yadda ya raba su. Ya ce an ƙirƙiri tabo da haske na ƙarya a kan hotuna masu kyau, aka cakuɗa su cikin waɗanda ake horarwa da su. Ta ce haka ne.

"To da ka yi hakan, me ya lalace?" in ji ta. "Ba a taɓa gyara abu ɗaya wani bai karkace ba."

Aku ya san amsar. Yana zaune a falon Auta yana cin abinci ranar da ta yi tsaki ta ce yanzu kuma sifili ne ya koma takwas. Yana iya faɗin haka, da irin tsakin ma, kuma ya ga alama za a karɓa. Amma bai san me ta yi bayan nan ba. Ya dai tuna ya ce mata Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki makullin babur ya tafi. Ranar Alhamis kuma mutum uku ne za su zaunar da shi gaban allo, su miƙa masa alli.

"Ranki ya daɗe, sifili ne ya lalace," ya ce. "Amma ba ni na gyara ba. Ƙanwata ce. Duk horon nata ne."

Injiniyar ba ta nuna mamaki ba, ba ta kuma yaba masa ba. Ta tambayi me ƙanwar take yi, ya faɗa mata. Ta buɗe wayarta ta ce ya ba ta lambar. Sai da ta gama rubutawa ta tambaye shi shi kuma mene ne nasa a ciki. Ya ce hotunan da manhajar waya. Ta ce shiga gida dubu huɗu ba wasa ba ne, yawancin injiniyoyinta ko ƙofar maƙwabcinsu ba za su iya ƙwanƙwasawa ba, amma ba shi take nema yau ba. Ta karɓi katinsa duk da haka, ta sa a bayan kwalinta, ta koma ciki ta kicin.

Ya tsaya a inuwar katanga, nesa da janareton, ya kira Auta. Ya san an fita shan iska a makarantarsu. Ya ba ta labarin a taƙaice, abin da bai saba yi ba. Ta bari ya kai ƙarshe, sannan ta jefo masa tambaya.

"Yaya, kai ka je neman aiki ko ni?"

Ya ce shi ya je, amma ita aka samu. Ta ce ba ta shirya ba, ba ta yi shawara da maigidanta ba, jarabawar ɗalibanta saura mako biyu, kuma wa zai riƙe mata yaro ranar Alhamis. Ya ce maigidan nata ya bar shi da shi, ai bakinsa bai mutu ba. Yaro kuwa ga shi nan shi kawunsa, wanda nan da wata guda ba shi da aikin da ya fi raino. Ta ce wannan ba abin dariya ba ne. Ya ce ya sani.

"Kai fa?" ta ce.

"Ni ranar Asabar zan zo da littafi. Ki nuna min yadda kika yi da sifilin nan, tun daga farko."

Ta ce sai dai ya zo da wuri, kuma ba ta koyar da ɗalibin da ke katse malami. Aka kaɗa ƙararrawa a can wajenta, ta kashe.

Saura awa biyu a tashi taron. Ya wanke fuska a famfon da ke bayan kicin, ya gyara kwalarsa, ya koma zauren. Zoben da ke kewaye da wani mai shuɗin kwali ya ɗan yi sauƙi, ya shiga ya jira har aka zo kansa. Mutumin ya dube shi a gajiye ya tambaye shi me ya iya.

Aku ya ce ya iya tattaro hotuna daga wurin mutanen da ba su san shi ba, ya iya haɗa manhajar waya, horon na'ura kuwa yana kan koyo. Iyakar abin ke nan, ko minti ɗaya bai cika ba.

Mutumin ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Hotuna kamar nawa?"