Gwangwanin Shinkafar Ubangiji

Ranar da aka kafa dutse a kabarin Pi Darchhungi, shekara guda da rasuwarta, jikokinta suka matsa sai ni zan yi magana a gaban jama'a, wai na fi kowa baki. Bakin kam akwai shi. Amma akwai maganar da ya kasa faɗa shekara hamsin da biyar, kuma na ƙudurta ran nan sai ta fita.

Ba ita ta haife ni ba. Shekarar da gora ta yi fure a Mizoram, can ƙasar Indiya, ɓeraye suka cinye gonaki har iri, uwata ta mutu, aka rasa mai ɗaukata. Shekarata takwas, daga ƙashi sai fata. Pi Darchhungi ta kama hannuna a ƙofar coci ta ce, "Daga yau ki ce min Ka nu," kamar yadda 'ya'yanta suke kiranta. A gida akwai mijinta, dattijo ne a coci, da ɗansu Zama mai shekara goma sha biyu, da jaririya Siami a goye.

Kamar kowace mace a ƙauyenmu, in ta auna shinkafar da za ta dafa, sai ta ɗebi damƙi ɗaya ta zuba a wani gwangwani, na Ubangiji ne, matan coci su zo su kwashe. Da yunwa ta yi tsanani, mata da yawa suka daina, ba wanda ya ga laifinsu. Ita kuwa ko 'yar shinkafar agaji aka samu, sai ta ɗeba.

Ni kuma na riƙa ci. In sun tafi tonon doyar daji sun bar ni da jaririya, sai in buɗe gwangwanin in watsa ɗanyar shinkafa a baki. Wata rana maigidan ya ga ƙwayoyi a ƙasa, ya kama Zama da tsinken gora ya yi masa dukan da sai da ya kwana uku bai zauna ba. Ina tsaye na yi shiru. Bayan kwana biyu ma na koma wa gwangwanin. Tun daga shekarar Zama bai sake shiga coci da son ransa ba, ni kuma bai sake yi min dariya ba. Yafiyarsa nake nema, kafin ɗayanmu ya bi ta.

Ranar kafa dutsen na same shi can bayan gidan, inda ake dafa alade, yana zuƙar taba, ga furfura ga taurin kai.

"U Zama," na ce, don yayana ne.

"Mai wa'azi ta fito. Ba can ake jiranki ba?"

"Ni na ci shinkafar. Dukan nan nawa ne ka sha."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yanzu kika sani? Ai ta ɓular bango na sha ganinki, kumatu cike kamar ɓera."

Na zauna a kan itace. "To ka yafe min dukan."

"Duka? Wa yake tuna duka, Hruaii? Tsohon nan kullum sai ya dake ni, ko a kan akuya ne." Ya tura itace a wuta. "Ke ba ki taɓa tambayar kanki ba, kullum kina ci amma gwangwani bai taɓa raguwa ba? Ko kin ɗauka abin al'ajabi ne irin na Littafi Mai Tsarki?"

Wallahi ban taɓa tambaya ba. Yaro mai yunwa ba ya tambaya.

"Ka nu ta sani tun ranar farko. Abin da kika ci, sai ta mayar daga rabonta kafin ta ɗora tukunya. Na kama ta. Na ce ta hana ki. Ta ce in aka hana ki mutuwa za ki yi, kuma ba ta iya ƙara miki a akushi a gaban Baba, to bari Ubangiji ya ciyar da ke daga nasa. Na ce to ta bar gwangwanin a yadda yake mana. Ta ce bashin wa za ta ci, na Allah?"

Ya jefa guntun tabar a wuta.

"Wata biyu tana shan ruwan shinkafa tana cewa ta ƙoshi. Nono ya ƙafe. Sauran kin sani, ai ke kike riƙe da ita."

Na sani. A cinyata Siami ta daina kuka, da hantsi, ina jijjiga ta ina murna ta yi barci.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ta sa na ɗora hannu a Littafi, muddin tana raye. Yanzu ba ta raye." Sai ran nan ya dube ni ido cikin ido. "Ba ke nake riƙe da ita a zuciya ba, ke yarinya ce. Ita nake riƙe da ita, da Wanda take auna wa. Kin zo neman yafiya inda babu."

Aka aiko kirana. Na tsaya a gaban dutsen. An sassaƙa sunanta, da cewa ta riƙi marayu shida, da jikoki goma sha tara. A jerin 'ya'yan cikinta kuwa suna uku ne, yadda ta bar wasiyya: Zama, Siami, sai ni. Na buɗe baki na ce mace ce mai tsoron Allah, na koma na zauna. Jikoki suka ji haushina.

Na ƙaunace ta, har gobe ina ƙaunarta, kuma ina jin tsoronta yanzu fiye da lokacin da take raye.

Gwangwanin ni aka bai wa, don ni ce na gaji al'adar. Washegari na auna shinkafa, na sa hannu na damƙa kamar kullum. Ruwa ya tafasa ya ƙone a tukunya ina tsaye, hannun bai buɗe ba.